Kwarin Gure da darasin na'ura mai ƙwaƙwalwa

Yaron Gure da ya ci jarrabawar bakaloriya yana son sanin aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, tilas ya ɗauki jakarsa ya bi Hanyar Haɗin Kai zuwa yamma, ko Damagaram inda aka kafa jami'a a 2010, ko Maraɗi, ko Yamai. A shekarar farko ana koya masa ya jera wa na'ura umurni, ɗaya bayan ɗaya. Galibi a shekara ta biyu yake cin karo da wani darasi da ke sa ɗalibai zufa, wanda sunansa ke nufin tsara aikin na'ura bisa abubuwa.

Asalin wannan ilimi ƙasar Norwai ne. Waɗansu malamai biyu na birnin Oslo, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka fito da shi a 1967 cikin wani harshen na'ura mai suna Simula. Daga baya harsunan C++ da Java suka bi sahu, na farko a 1985, na biyu a 1995, kuma da ire-irensu ake karantar da darasin a jami'o'in duniya.

To, mene ne a cikinsa? Sai a ɗauki misali daga ƙasar Gure kanta. Kowa ya san kwarurukan nan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ake samun dabino da goriba da kanwa, ake kuma noman rogo da rake. In ma'aikatar gona tana son na'ura ta riƙe lissafinsu, ɗalibi ba zai fara da umurni ba. Zai fara da tambaya: mene ne kwari? Sai ya rubuta cewa kowane kwari yana da suna, da faɗi, da zurfin ruwa, da masu gonaki. Wannan shi ake kira jinsi. Kowane kwari guda da aka shigar da sunansa, shi ne abu. Jinsi kamar ma'aunin tubali yake, ma'auni ɗaya, tubala dubu.

Daga nan sai babin gado, wanda ya fi kowane daɗi. Masana ƙasa sun kasa kwarurukan Manga kashi uku: mai ruwa a sarari, mai ruwa a matsakaicin zurfi, da mai ruwa can ƙasa. Ɗalibi ba ya sake rubuta komi sau uku. Ukun duka sun gaji suna da faɗi daga uwarsu, sa'an nan kowane ya ƙara nasa hali. Mai ruwa a sarari ya ƙara lissafin kanwa, mai zurfi ya ƙara na rijiyoyi. Akwai kuma babin rufi, wato kowane abu ya tsare lissafinsa kamar rumbu mai ƙofa ɗaya, kada wani sashe na aikin ya sa hannu ya ɓata.

Ba rubutun ne ke kada ɗalibai ba, yankan jinsin ne. A nan kuma maganar ta shafi ma'aikatan gwamnati da talakawa baki ɗaya. Na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka buɗe wa gurbi. In wanda ya tsara aikin bai taɓa ganin tudu ya ci gona ba, ba zai tuna ya sa gurbin tafiyar rairayi ba, kuma kwarin da ke mutuwa zai zauna a lissafi lafiya lau. In ya ɗauka kowace gona mai ita ɗaya ne, ina za a rubuta gonar gado, ko ta aro, ko dabinon da mai shi daban da mai ƙasar? Haka nan makiyayin da ke wata uku a nan, wata uku can, alhali takarda na neman gari ɗaya tak.

Shi ya sa malaman kirki ba su barin ɗalibi ya taɓa na'ura sai ya zana jinsunansa a takarda, ya kare su a gaban ƴan'uwansa. A wannan zama, ɗan Gure da ya yi rani yana kafa shingen rassan goriba a bakin tudu yana da abin faɗi da babu shi a littafi. Abin da ke rage masa shi ne wuta mai tsayawa da na'urar kansa, domin mai jiran a ara masa ta dare ɗaya ba ya gama aikin da aka ba shi na mako.