Ƙaurar Ungulu Daga Mahauta

Duk wanda ya yi wayo a garuruwanmu shekaru arba'in da suka shige ya san babu mahautar da za a yanka dabba a cikinta face ungulaye sun yi sahu bisa katanga da rassan rimi, suna dakon abin da mahauci zai yar. Amma a yau mutum yana iya zagaya kwatar babban birni tun hantsi har la'asar bai ga ko ɗaya ba, kuma da yake tsuntsuwa ce wadda Allah bai ba ta kyan sura ba, ba a samu mai cigiyarta ba.

Waɗanda suka fara farga da wannan al'amari su ne masu kallon tsuntsaye, wato mutanen nan da ke sammako da madubin hangen nesa da ɗan littafi, suna rubuta irin tsuntsun da suka gani da adadinsa da wurin da ya sauka, waɗanda jama'a kan ɗauka marasa aikin yi ne, alhali kuwa ba don lissafinsu ba da babu hujjar da za a kafa cewa wata halitta tana raguwa. Akwai ma cibiya sukutum ta wannan ilmi a dajin Amurum kusa da Jos, mai sunan A. P. Leventis. Bisa irin wannan ƙidaya ne, daga ƙasashe dabam-dabam na Afirka, ƙungiyar duniya mai kula da kiyaye halittu ta sanya ungulun nan tamu ta gari, a shekarar 2015, cikin sahun da ke gab da ƙarewa.

Sabubban suna da yawa, amma biyu sun fi muni. Na farko guba ce: makiyayi ya barbaɗa wa mushe magani domin kura ko karnuka, ungulu ta riga su sauka, garke guda ya mutu a wuni ɗaya. Na biyu, wanda ya fi shafarmu, shi ne fataucin kanta da ƙafafunta da ƙwanta a rumfunan 'yan magori, saboda camfin cewa suna kawo sa'a ko buɗe ido ga gaibu. Kuma da yake abin ya yi kuɗi, har ƙetare iyaka ake yi a kawo su daga maƙwabta. A Gini Bisau, cikin 2020, an kashe ungulaye wajen 2,000 da guba, aka tarar da yawansu an sare musu kai. Abin da ya ƙara tsananta musibar shi ne ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, saboda haka ɓarnar wata guda ba ta gyaruwa sai bayan shekaru masu yawa.

Mai karatu yana iya cewa, to, mene ne asara in an rasa mai cin mushe? Jawabin yana ƙasar Indiya. A shekarun 1990 aka yawaita yi wa shanu allurar wani maganin ciwo mai suna diclofenac, wanda ke lalata ƙodar ungulu idan ta ci mushen saniyar da aka yi wa shi, har fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayen ƙasar suka halaka kafin a haramta maganin ga dabbobi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a sarari, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru a cikin mutane. Hikimar Ubangiji ce ta sa ruwan cikin ungulu ya yi kaifin da yake kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, har da na ciwon saifa, ita kuwa ba ta karɓar ko anini a kan wannan shara da take yi mana.

A ganina malamanmu sun fi kowa ikon tsai da wannan fasadi, domin mai neman kan ungulu ba ya tsoron ma'aikacin gandun daji, amma yana jin nauyin limamin unguwarsu, kuma shari'a ba ta halatta kashe rai a banza ba, balle a kashe shi domin tsibbu. Makiyayi kuma, in dabbarsa ta mutu da magani a jikinta, ya binne ta ko ya ƙone ta. Ɗalibai kuwa suna iya ɗaukar mahauta ɗaya ko kasuwa ɗaya, su riƙa ƙirga ungulayen da ke sauka kowace ranar kasuwa, su rubuta kwanan wata, su miƙa wa malaman jami'ar da ke kusa da su.