Abin Da Ke Kashe Ƙoda A Ƙasarmu Ta Bakin Kogi

'Yan'uwa, ƙoda guda biyu Allah Ya ba kowannenmu, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba. A cikin kowace akwai 'yan matatai wajen miliyan ɗaya, su ke tace jini dare da rana. Ruwan da su ke tacewa a yini ya kan kai lita 180, amma sai su mai da kusan dukansa cikin jini, su fid da lita ɗaya da rabi, watau fitsari. Abin tsoro ga ƙoda shi ne haƙurinta. Rabin aikinta ya kan lalace mutum yana ta harkarsa. Sa'ad da ƙafa da fuska suka kumbura, amai ya zo, galibi ɓarna ta yi nisa.

Ko'ina a duniya hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba, gama su kan cinye 'yan jijiyoyin matatan nan sannu a hankali. Amma mu mutanen Taura da Ringim, da sauran garuruwan bakin Kogin Haɗeja, muna da namu ƙari.

Na fari tsargiya. Da yawa cikinmu mun taso muna jin ana cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira cikin 1851. Ta kan yi girma cikin dodon koɗi na kududdufi da fadama, ta huda fatar mai wanka ko mai su, ta je ta zuba ƙwai a jikin mafitsara. In aka bar ta shekara da shekaru, sai hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda su ƙuntace, fitsari ya riƙa komawa baya, ƙoda ta kumbura ta mutu. Ga shi kuwa maganinta, praziquantel, sha ɗaya a ke yi.

Sa'an nan ga rana. Manomin da ya wuni cikin shinkafa da bazara, gumi na zuba, ruwan sha kaɗan, ƙodarsa a wahale ta ke. Da yamma jiki ya yi tsami, sai ya aika a sayo masa diclofenac ko ibuprofen wajen mai talla. Waɗannan ƙwayoyi kuwa su kan rage jinin da ke shiga ƙoda, ga ta da ma cikin ƙishirwa. Gobe ma haka. An ga ƙoda tana mutuwa ba sukari ba hawan jini ga masu saran rake a Nikaraguwa, da manoman shinkafa a Siri Lanka. Nan kusa, ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da ke gangaren wannan kogi namu, masu bincike kuma suna tuhumar zafi, da ruwan sha, da magungunan feshi.

Akwai kuma mutuwar ƙoda ta farat ɗaya, wadda amai da gudawa, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko zubar jini wajen haihuwa su kan kawo. Ita wannan ta kan warke in an hanzarta zuwa asibiti. Guba ma haka: cikin 2008 gurɓataccen maganin haƙoran jarirai, My Pikin, ya fara hallaka yara a Nijeriya, har suka haura 80. Jiƙe-jiƙen da ba awo ba ƙima su ma abin tuhuma ne.

Awon jini da gwajin fitsari kan tona cutar tun tana ɓoye, kuɗinsu kuwa kaɗan ne. Wanda ƙodarsa ta mutu ɗungum sai wankin jini da inji, sau uku a mako, kowane zama kamar sa'a huɗu, ko kuwa dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma yi cikin 2002. Shi dashen ma sai an sami ɗan'uwa mai lafiya da ya yarda ya ba da guda.