Daga Gidan Ibada Zuwa Allon Waya: Yadda Addinin Buddha Ya Kutsa Ƙasashen Yamma

Duk wanda ya leƙa sashen lafiya a Play Store ko App Store zai ci karo da manhajoji irin su Headspace da Calm, masu koya wa mutum ya zauna shiru yana bin shigar numfashinsa da fitarsa. Wannan atisaye yana da tushe a addinin Buddha, wanda ya ɓulla a yankin Indiya kimanin shekaru 2,500 da suka wuce.

Andy Puddicombe, ɗan Birtaniya da ya kafa Headspace tare da abokinsa a 2010, ya shafe kusan shekaru 10 yana rayuwar zuhudu a gidajen ibadar Buddha. Tun kafin shi, a 1979, Jon Kabat-Zinn ya buɗe asibitin rage damuwa a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, inda ya mayar da atisayen ya zama kwas na makonni 8, ba tare da ambaton addini ba.

Manyan kamfanonin fasaha ma sun rungume shi. Malamin Steve Jobs na ɗariƙar Zen ne ya ɗaura masa aure a 1991. A 2007 Google ya fara koya wa ma'aikatansa dabarun natsuwa, a 2017 kuma Apple ya zaɓi Calm a matsayin gwarzuwar manhajar iPhone ta shekara.

Me ya ja hankalin Turawa? Da yawansu sun ƙaurace wa coci, ga gajiyar aiki da rashin barci. Sai suka samu hanyar da ba ta neman su sauya addini, minti 10 kawai take buƙata a rana. Shi ya sa masu atisayen suka ninka mabiya addinin nesa ba kusa ba: mabiya Buddha kusan kashi 1 ne cikin 100 na Amurkawa.

Sai dai akwai masu suka. A littafinsa McMindfulness na 2019, Ronald Purser ya zargi kamfanoni da tuɓe wa koyarwar tarbiyyarta, suka mayar da ita haja. Buddha ya yi wa'azin barin kwaɗayi, ga shi yau ana biyan kuɗin wata kafin a ji darasin.

Don haka, kafin ka danna maɓallin saukewa, yana da kyau ka san asalin abin da za ka sa a kunne, da kuma nawa za a riƙa cira daga asusunka.