Idan Fuskar Kwamfuta Ta Yi Baƙi

Tun 2015 da kwamfuta ake jarrabawar JAMB, saboda haka tsayawar na'urar makaranta asara ce ga ɗaliban Ruwan Gizo, Bakura da Maradun. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma bayan sauyawa zuwa Windows 11 wata fuskar kan yi baƙi ƙirin. Galibi allon lafiya lau yake, tamkar idon da jijiyar ganinsa ta sami matsala: manhajar da ke sada Windows da katin hoto ce ta tsufa. A fara duba waya. Sannan a danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. In abin ya faskara, a shiga Safe Mode a sabunta manhajar, kafin a kashe kuɗi kan sabon allo.