FASHIN BAƘI: Mene ne tsarin rage illa ga masu shan ƙwaya, kuma me ya hana shi yaɗuwa a Najeriya?

A shekarar 2020 aka ƙaddamar da wani shiri na gwaji a jihohin Gombe, Oyo da Abiya, wanda duk wanda ya ji shi karon farko sai ya ɗaga gira. Ma'aikatan lafiya na cikin al'umma ne ke bin wuraren da masu yi wa kansu allurar ƙwaya ke taruwa, su ba su sababbin sirinji kyauta, su karɓe waɗanda aka yi amfani da su. An yi aikin ne da amincewar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da kuɗin asusun Global Fund mai tallafa wa yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro.

Wannan ɓangare ne na abin da masana lafiya ke kira tsarin rage illa. Tushensa shi ne a tsare rai da lafiyar mai shan ƙwaya tun kafin ya kai ga dainawa, domin wanda ya mutu ba ya tuba, ba ya kuma warkewa. A yau tsarin yana cikin manufofin gwamnati a rubuce, har ya samu gurbi a Babban Tsarin Ƙasa na Shawo Kan Miyagun Ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025. Sai dai a aikace, mafi yawan waɗanda aka yi shi dominsu ba su taɓa ganinsa ba.

Girman matsalar

Babban binciken faɗin ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani nau'in ƙwaya a cikin shekara guda. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol da mutum miliyan 4.6, sannan maganin tari mai kodin da kimanin miliyan 2.4. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce.

Daga cikin waɗannan, binciken ya ware mutum 376,000 da shaye-shayensu ya kai matakin haɗari sosai, kuma kimanin 80,000 daga cikinsu allura suke yi wa kansu. Adadin bai kai a kwatanta shi da miliyoyin nan ba, amma a nan ne cututtuka suka fi samun ƙofa. Binciken ƙasa na 2018 kan ƙanjamau ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Wani bincike na 2020 da ya mayar da hankali kan rukunan da suka fi fuskantar haɗari ya samu kashi 10.9 cikin ɗari a tsakanin masu allurar ƙwaya.

Dalilin a fili yake. Idan mutum huɗu ko biyar suka yi karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ragowar jinin na farko yana shiga jijiyar na ƙarshe kai tsaye. Ƙwayar cutar hanta nau'in C kuwa tana iya rayuwa a cikin sirinji har tsawon makonni. Cutar ba ta tsayawa a inda aka ɗauke ta: mai ita yana da mata ko miji, kuma uwa na iya sa wa jaririnta.

Me ake yi a ƙarƙashin tsarin?

Ginshiƙi na farko shi ne musayar sirinji da aka ambata. Amfaninsa bai tsaya ga allurar ba. Ma'aikacin da ke kawo ta, wanda sau da yawa tsohon mai shan ƙwaya ne da ya san lungunan kuma aka yarda da shi, shi ne ke shawo kan mutum ya yi gwajin ƙanjamau, ya wanke masa gyambon da allura ta haifar, ya raka shi asibiti.

Na biyu shi ne magani na madadi ga wanda jikinsa ya saba da hirowin, tiramadol ko danginsu. Likita kan ba shi metadon ko bufurenofin a ƙayyadadden awo kowace rana. Waɗannan magunguna suna zama a gurbin da ƙwayar ke kamawa a ƙwaƙwalwa, amma suna aiki a hankali tsawon yini, don haka suna kwantar da ciwon gaɓoɓi, amai, gudawa da ƙishin ƙwayar ba tare da jefa mutum cikin maye ba. Da haka yake samun sararin komawa sana'arsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanya su a jerin magungunan da suka wajaba kowace ƙasa ta tanada tun 2005.

Na uku shi ne nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda irin wannan ƙwaya ta yi wa yawa. Abin da ke kashe mutum a wannan hali shi ne tsayawar numfashi. Alamominsa uku ne: ba ya farkawa ko an jijjiga shi, numfashinsa ya yi ƙasa sosai ko yana munshari mai nauyi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Nalokson na dawo da numfashi cikin mintuna kaɗan, amma ƙarfinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, saboda haka dole a garzaya asibiti ko da mutum ya farfaɗo. Tun 2014 WHO ta ba da shawarar a sa shi a hannun waɗanda suka fi yiwuwar kasancewa a wurin idan abin ya faru, wato abokai da iyali.

Shin wannan ba ɗaure wa shaye-shaye gindi ba ne?

Tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma iyaye da malamai da ke yin ta suna da hujjar damuwa. An fara musayar sirinji a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1984, kuma tun daga lokacin ake nazarin sakamakonsa. Bitar da WHO ta yi wa binciken da aka tara a 2004 ta kammala cewa shirin yana rage yaɗuwar ƙanjamau, kuma ba ta samu gamsasshiyar hujjar cewa yana ƙara yawan masu shan ƙwaya ko yana jawo sababbi ba. Mai neman yin allura zai yi ta ko da tsohon sirinjin da ya tsinta a bola ne. Abin da shirin ke sauyawa shi ne irin sirinjin da zai shiga jikinsa.

Ba ƙasashen Turai kaɗai suka rungumi tsarin ba. Iran, wadda ke maƙwabtaka da Afganistan kuma take da tsauraran dokoki kan fataucin ƙwaya, ta buɗe cibiyoyin metadon da musayar sirinji, har a cikin gidajen yari ana ba da metadon. Maleshiya ta fara ba da metadon a 2005, ta bi da musayar sirinji a 2006, daga baya har wani masallaci a Kuala Lumpur ya karɓi baƙuncin shirin ba da maganin. Hujjar da aka kafa a can sananniya ce ga ɗaliban fiƙihu a nan: tsare rai na daga cikin manyan manufofin shari'a, kuma idan cuta biyu suka haɗu ba makawa, ana ɗaukar mafi sauƙi don kauce wa mafi girma. A Afirka, Tanzaniya ta buɗe cibiyar metadon a asibitin Muhimbili da ke Dar es Salaam a 2011, Senegal ta buɗe tata a Dakar a ƙarshen 2014.

Inda doka da manufa suka yi hannun riga

Babban cikas a Najeriya shi ne dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da mallaka ko amfani da hodar iblis, hirowin da makamantansu. Ma'ana, mutumin da Ma'aikatar Lafiya ke kira ya fito ya karɓi sirinji shi ne dai wanda doka ke kallo a matsayin mai babban laifi. Binciken 2018 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu shaye-shaye mai haɗari an taɓa kama su kan laifin da ya shafi ƙwaya.

Tsoron kamu yana da farashi. Idan aka kai samame wata matattara, mutanen kan watse zuwa inda ma'aikacin lafiya bai sani ba, mai shan maganin ƙanjamau ya yanke. Idan ƙwaya ta yi wa wani yawa, abokansa kan tsere su bar shi, don gudun a tambaye su abin da ya haɗa su. Shi kansa tsarewar ba ta kawar da haɗarin: jikin da ya yi makonni bai samu ƙwaya ba yana rasa juriyarsa, don haka awon da mutum ya saba sha a da zai iya kashe shi a makonnin farko bayan an sake shi.

Cikas na biyu kuɗi ne. Ayyukan sun dogara kacokan kan masu ba da tallafi daga waje, kuma dakatar da tallafin da gwamnatin Amurka ta yi a Janairun 2025 ya nuna yadda ayyukan ƙanjamau a ƙasar nan ke girgiza da zarar an rufe famfo daga ƙetare.

Matsalar Arewa ta haɗiya ce

Akwai wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba. An gina tsarin rage illa ne a kan masu allura, domin ta ƙofar yaƙi da ƙanjamau ya shigo. To amma a Kano, inda binciken 2018 ya ƙiyasta mutum sama da miliyan ɗaya na ta'ammali da ƙwaya, da sauran biranen Arewa, abin da ya fi yawa shi ne haɗiya da kurɓa. Akwai masu allurar fentazosin, amma ba su kama ƙafar masu tiramadol da kodin ba.

Tiramadol da aka amince a yi amfani da shi a asibiti mai awo miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a bayan fage kuwa yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya. Lebura, ɗan acaɓa ko manomin da ya fara sha don jure wahalar aiki zai iya ninka iyakar kafin la'asar. Yawansa na jawo farfaɗiya, abin da nalokson ba ya magancewa. Haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC, ya tsayar da cinikinsa a fili, amma bai warkar da waɗanda jikinsu ya riga ya kamu ba.

Ga irin waɗannan, rage illa na nufin bayanin da zai ceci rai. Haɗa tiramadol ko kodin da magungunan barci irin su roci da diyazifam, ko da barasa, shi ne hanya mafi sauri ta tsayar da numfashi. Wanda ya suma ba a ɗura masa madara ko manja, domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi asibiti. Wanda ya daɗe yana shan maganin barci kuwa, yanke shi rana ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga, sai dai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali. Mata da ke sha a cikin gida, waɗanda ba za su taɓa taka wata cibiya ba saboda gudun abin kunya, sai dai mata 'yan uwansu su kai musu wannan bayani.

Idan babu irin wannan hanya, iyaye kan koma ga abin da suka samu. A Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa, makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo wani a Daura. Da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje iyayensu ne ke kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don neman su daina shaye-shaye.

Abin da ya rage

Kusan kashi 40 cikin ɗari na masu shaye-shaye mai haɗari sun shaida wa masu binciken 2018 cewa suna buƙatar magani, amma tsada da tsangwama sun tare musu hanya. Cike wannan giɓi na buƙatar majalisa ta bambanta mai sha da mai fatauci a cikin doka, jihohi su sa aikin a kasafin kuɗinsu, a kuma kai nalokson da ma'aikatan da aka horar zuwa ƙananan asibitocin unguwa. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Waɗanda ake magana a kansu 'ya'ya ne da ƙanne da mazajen wasu, kuma ranar da za su daina ba za ta zo ba sai idan suna raye.