Amsoshin Takardunku: Yaya Ake Koya Wa Yaro Rubutu Mai Ma'ana?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a Firchin, cikin garin Jega ta Jihar Kebbi. Ya ce ɗansa ya kai aji 3 na ƙaramar sakandare, rubutun hannunsa kamar an buga da inji, amma ran da ya sa shi ya rubuta takardar bashi tsakaninsa da wani abokin ciniki, sai yaron ya cika rabin shafi ba wanda ya gane wa ke bin wa. Yana tambaya, shin iya rubutu baiwa ce, ko kuwa koyarwa ake yi? In koyarwa ake yi, ta wace hanya? Wata malamar firamare daga Maiyama da wani manomin albasa daga Aliero su ma sun aiko da tambaya mai kama da wannan, saboda haka za mu haɗa mu amsa gaba ɗaya.

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai, abu biyu Hausa ta haɗa cikin kalma guda. Akwai rubutun hannu, wato iya zana baƙaƙe su fito tsaf. Akwai kuma iya tsara magana a takarda, wanda a makaranta ake ce wa insha'i. Ɗanka ya sami na farko, na biyun ne da saura. Shi ma kuwa koyonsa ake yi, kamar yadda ka koyi awo a bakin tiya.

Ga ma'aunin da za ka riƙe: rubutu mai kyau shi ne wanda mai karatu zai gane ba sai an aika an kira wanda ya rubuta ba. In kuna magana baki da baki, mutum bai gane ba, zai ce maka "me ka ce?" ka sake masa. Ita takarda ita kaɗai take tafiya, ba ta da bakin ƙarin bayani.

Alal misali, yaro ya rubuta: "Na karɓi kuɗi wurin Alhaji, zan biya da kaka." To wane Alhaji, a garin da kowace rumfa akwai Alhaji? Nawa ne kuɗin? Wace kaka, ta gero, ta shinkafa, ko lokacin cirar albasa? Ranar da aka sami saɓani, wannan takarda ba ta raba gardama a gaban alƙali, sai ma ta ƙara. Wadda za ta yi aiki ita ce mai cikakken sunan mai bi da wanda ake bi, da adadin kuɗi da lamba da kuma kalmomi, don sifiri guda ne tsakanin Naira 50,000 da Naira 5,000, sannan ranar karɓa, ranar biya, shaidu da sa hannu. Kai ɗan kasuwa ka san aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan take magana. Ta yi umarni a rubuta bashi da lokacin biyansa, marubuci ya yi adalci, wanda ake bi shi zai yi shifta, a kuma kafa shaidu. Ka ga ke nan wannan ba aikin 'yan boko kaɗai ba ne.

Yanzu sai yadda ake koyarwa. Abin da yakan faru a ajujuwa da yawa shi ne, malam ya rubuta kan magana a allo, ya ce "ku rubuta", ya karɓa bayan minti 30, ya bi da jan biro, ya ba da maki, shi ke nan an wuce. Yaro ya ga ja ya cika takardarsa, amma ba wanda ya nuna masa yadda ake yi. A shekarar 1972 wani malami kuma ɗan jarida a Amurka, Donald Murray, ya yi kira ga malamai su daina tsayawa kan takardar da aka gama, su koyar da matakan da ake bi kafin a gama ta. Tun daga shekarun nan wannan hanya ta bazu a makarantun ƙasashe da dama. Mutumin Aliero zai gane ta da sauri, don haka yake yi da albasarsa.

Mataki na 1 shi ne tunani. Kafin yaro ya ɗauki biro, ya amsa wa kansa: wa nake rubuta wa, kuma me nake so ya sani ko ya aikata in ya gama karantawa? Sai ya tara kayan aikinsa, sunaye da adadi da ranaku. Wannan shi ne rainon iri. Ai irin albasa yakan yi mako 6 ko fiye a wurin raino kafin a yi zancen dashe.

Mataki na 2, tsari. Manomi yakan fitar da fangali da hanyar ruwa tukuna. Haka yaro zai jera abin da zai faɗa a gefen takarda, wannan farko, wannan na biye, wannan ƙarshe. Kowace magana guda da sakin layinta.

Mataki na 3, rubutun farko, wato dashe. A bar shi ya rubuta har ƙarshe, kar a tsaya masa a ka. Ko ya yi kuskure a ƙyale shi, wannan ba ita ce takardar da za ta fita ba. Bayan tsohuwar kalanda ma ya isa wannan aiki.

Mataki na 4, bita. Wannan ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ya ajiye rubutun ya kwana, gobe ya karanta da ƙarfi a gaban wanda bai san zancen ba. Duk inda mai sauraro ya tare shi da "wane ne?" ko "yaushe?" to nan akwai giɓi, sai ya cike. Inda ya maimaita kansa ya cire, kamar ciyawa. Abin da ya zo a ƙarshe alhali a farko ya kamata, ya maido shi mazauninsa.

Mataki na 5, tacewa. Sai yanzu ake duba babban baƙi da aya da waƙafi da rabon kalmomi. Kafin a zuba albasa a rudu akan tsince mai tabo, don guda ɗaya tana iya jawo wa sauran.

Mataki na 6, a kwafe da tsabta a kai wa mai ita. Rubutun da ba mai karanta shi sai malam mai jan biro, yaro ba ya sa zuciyarsa a ciki. Amma in ya san kawunsa a Kwantagora ne zai karanta, za ka ga ya natsu.

Kada a ɗauka wannan baƙon abu ne a ƙasarmu. A tsangaya, mai satu yakan rubuta allonsa ya kai gaban alaramma wurin darasu, a bi wasali da ɗigo ɗaya bayan ɗaya, a gyara, kuma ba wanda yake ganin gyaran nan abin kunya ne. A boko ma haka aka faro. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, inda aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasunsu, kuma sai da aka bi su da gyara kafin a buga. A 1936 Imam ya bar koyarwa a Katsina ya je Zariya ya zauna watanni tare da East yana rubuta Magana Jari Ce, ana dubawa ana gyarawa. Shi ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. In gwani irin wannan ya bi ta hannun mai gyara, ina ga ɗan aji 3?

Malama ta Maiyama, ke kin tambayi siffofin da ake gane rubutu mai kyau da su. Cikin shekarun 1980 wasu malamai a jihar Oregon ta Amurka sun zauna sun tsara guda 6, ana amfani da su wajen duba aikin yara. Ga su da harshenmu.

Ta farko, ma'ana: akwai abin faɗa, gaskiya ne, kuma ya cika. Ta biyu, tsari, mun riga mun yi bayaninsa. Ta uku, murya, wato a ji mutum ne ke magana, kuma ya san da wa yake. Wasiƙar da za a kai wa hakimi ba irin ta aboki ba ce. A nan kuna da abin koyi a gida, tunda Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajen 1806, saboda mutanen Kano sun roƙe shi abin da zai shiryar da su a sha'anin mulki, ya san su wa zai yi wa magana. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, abin da jajis za su kai wa matan ƙauye kuwa takan sa shi cikin harshen da matan ke ji.

Ta huɗu, zaɓen kalma. "Buhun albasa 12" ya fi "kaya masu ɗan dama". Ta biyar, jimla mai daɗin karantawa. In yaro ya karanta da ƙarfi numfashinsa ya yanke bai kai aya ba, jimlar ta yi tsawo, a raba ta biyu. Ta shida, ƙa'idar rubutu. Kada a raina wannan. Yaro ya rubuta "na bata kudin". Me yake nufi? Na ba ta kuɗin, ko na ɓata kuɗin? Tazara guda da lanƙwasa guda ne tsakanin mai amana da mai ɓarna. Haka nan masu ɗorin Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, ƙashi suke ɗorawa, in ka cire lanƙwasar kuwa ka faɗi abin da ba a faɗa a bainar jama'a. Waɗannan baƙaƙe, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin rubutun Hausa tun shekarun 1930, kuma wayoyin yanzu ana iya sa musu Hausa su fito da su.

Wani abu kuma, Malama. Ɗalibinki a gida "mi kaka so" yake cewa da "shina zuwa". Kar ki ce masa Hausarsa ba daidai ba ce, Hausar iyayensa ce. Ki nuna masa cewa a takarda an daidaita kan "me kake so" da "yana zuwa", don mutumin Zariya da na Bauci su karanta ba wahala.

Masu 'ya'ya a babbar sakandare kuma su sani, a jarrabawar Turanci ta WAEC ana son insha'i na kalma kamar 450, makinsa 50. Ma'ana tana da 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, ƙa'idar rubutu 10. Kyan hannu ba shi da kason kansa, illa dai a iya karantawa. Yaron da ya iya tsara magana da Hausa kuwa, rabin aikin ya ƙare, don tunani da tsari ba su da ƙabila. Wanda ke da burin shiga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, can ma rahoto zai rubuta, ko injiniya yake son zama.

In aji ya yi yawa, kar ki ce sai kin duba insha'i sabo kullum. Ɗauki guda ɗaya ki raba shi a mako. Litinin hira da tara bayani, Talata tsari da rubutun farko, Laraba su zauna biyu-biyu kowa ya karanta wa ɗan'uwansa, Alhamis gyara, Juma'a a karanta wasu a gaban aji. Wani lokaci ki rubuta naki a allo suna kallo, ki soke ki sake, su ga babba ma yana sokewa. In za ki duba, fara da ma'ana, ki faɗi abu guda da ya yi kyau da abu guda da za a gyara. Ki ba su abin da suka sani, kamar yadda ake ban ruwa, ko ranar da gulbi ya kawo.

Kai kuma Alhaji, ko ba ka yi boko ba kana da aikin yi, kuma ba ya cin ko kwabo. Saya masa littafi guda, ya riƙa rubuta cinikin rumfa kowace ranar kasuwa. Da dare ya karanta maka, kai ka zama mai sauraro mai tambaya: wa ya karɓa, nawa, yaushe zai kawo? In ya rasa amsa a takardar, ya koma ya cike. Takardar bashin nan ma kar ka yage ta, ka ba shi ya sake ta sau biyu ko sau uku, sannan a kai wa wani maƙwabci da bai san zancen ba ya karanta. In ya faɗi wa ke bin wa, nawa, da ranar biya, to yaro ya ci. In da ajami ka iya, nuna masa naka, matakan duk ɗaya ne. Wani zai ce ai yanzu akwai saƙon murya a WhatsApp, me za a yi da takarda? Saƙon murya yana da amfaninsa, amma waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Jinginar gona da rancen ƙungiya da neman aiki, har gobe takarda ake tambaya.

Abu na ƙarshe, a yi haƙuri da yaro, ban da tsawa da dariya in ya yi kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallami, in ba haka ba sai ya karye.

Da fatan Alhaji da Malama da manominmu na Aliero kun gamsu. Sauran masu tambaya a ci gaba da aiko mana, a kuma tuna a rubuta sunan gari da ƙaramar hukuma. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.