Bosniya: Yadda Maƙwabta Suka Zama Abokan Gaba

Labarin yaƙin Bosniya abu ne da ya kamata mu duba da idon basira, domin waɗanda suka karkashe juna a can harshensu kusan ɗaya ne, kuma sun daɗe suna auratayya. Abin da ya fi bambanta su shi ne addini da tarihi. Sabiyawa mabiya ɗarikar Otodoks ne, Kuroshiyawa Katolika, Bosniyawa kuwa Musulmi.

Gabar tana da tsohon tushe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ustashe ta Kuroshiya ta hallaka Sabiyawa da Yahudawa masu ɗimbin yawa a sansanin Jasenovac, mayaƙan Chetnik na Sabiyawa su ma suka karkashe Musulmi da Kuroshiyawa. Shugaba Tito ya riƙe ƙasar Yugosilabiya da ƙarfin mulki, ya hana tone-tonen wannan tarihi. Bayan rasuwarsa a 1980, bashi ya yi wa ƙasar katutu, kaya suka yi tsada, aikin yi ya yi wuya. Nan ne 'yan siyasa irin su Slobodan Milosevic na Sabiya da Franjo Tudjman na Kuroshiya suka riƙa fama tsofaffin raunuka, suna tsorata jama'arsu da maƙwabtansu ta rediyo da talabijin.

A watan Yuni 1991 Sulobeniya da Kuroshiya suka ɓalle. Bosniya, inda Musulmi suke kashi 44 cikin ɗari, Sabiyawa 31, Kuroshiyawa 17, ta bi sawu a 1992 bayan ƙuri'ar raba gardama da yawancin Sabiyawa suka ƙaurace wa. Yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu.

Sojojin Sabiyawan Bosniya suka yi wa birnin Sarayebo ƙawanya kusan shekara huɗu, suna harbin masu neman ruwa da burodi. An yi wa dubban mata fyaɗe. An rushe masallatai da majami'u. A 1993 mayaƙan Kuroshiyawa suka rusa tsohuwar gadar Mostar da aka gina tun 1566. A watan Yuli 1995, a garin Srebrenica da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin tudun tsira, sojojin Janar Ratko Mladic suka kashe Musulmi maza da samari fiye da 8,000. Wata ɗaya bayan haka, Sabiyawa wajen 200,000 suka tsere daga Kuroshiya. Kafin yarjejeniyar Dayton ta tsagaita wuta a ƙarshen 1995, mutane kimanin 100,000 sun mutu a Bosniya, fiye da miliyan 2 sun rasa matsuguninsu. Daga baya kotun Hague ta yanke wa Mladic da Radovan Karadzic ɗaurin rai da rai.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne, da yawa cikin masu wannan ta'asa sun rataya gicciye a wuya. Gicciyen nan alamar ƙabila kawai ya zamar musu, bai hana Otodoks da Katolika kashe juna ba. Saboda haka duk lokacin da mai neman mulki ya zo da sunan addini yana cewa maƙwabcinmu shi ne matsalarmu, mu tambaye shi ribar da yake nema. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.